Haƙora 28 da Akwatin Makaranta

Shekarar da yaro ke shiga sakandare ita ce, a mafi yawan lokuta, shekarar da bakinsa ke kammala gini. Haƙoran nono guda 20 da ya fara famfara tun yana ɗan shekara shida sun gama zubewa, ko suna gab da gamawa. Turame na biyu kuma, waɗanda ke fitowa can ƙuryar muƙamuƙi wajen shekara 12, sun huda dasashi. Idan aka ajiye turame huɗu na ƙarshe, waɗanda ba sa leƙowa sai wajen shekara 17 zuwa sama, ɗan aji ɗaya yana shiga ƙofar makaranta da haƙora 28. Da su zai ci tuwon makaranta, da su zai yi dariyar ranar aurensa, da su kuma, idan Allah ya yi masa tsawon rai, zai tauna goron sunan jikokinsa. Babu wasu da ke tafe a bayansu. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki shekara 12 a matsayin shekarar da ake auna lafiyar haƙoran yara da ita idan za a kwatanta wata ƙasa da wata.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne a daidai wannan shekarar muke janye hannu. Yaron firamare yana da uwar da za ta tsaya a kansa da safe. Ɗan sakandare, musamman na makarantar kwana, an ba shi akwati da makulli da kuɗin kashewa, an ce masa ya girma. Alhali kuwa haƙorin da bai daɗe da fitowa ba ɗanye ne. Farin ɓawon da ke lulluɓe da shi, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, yana ɗaukar shekaru kaɗan yana tsotsar sinadarai daga miyau kafin ya gama ƙwari, kuma saman turmi yana da ramuka da tsagu masu zurfi inda abinci ke maƙalewa. Lokacin da haƙori ya fi rauni shi ne lokacin da mai shi ya fara riƙe kuɗin alawa ba tare da mai tsawata masa ba.

Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar Hausa ya san abin da ke cikin akwatin nan. Garin kwaki a kan gaba, sai sukari, sai madarar gari ga mai gata, da ƙuli-ƙuli da yaji da biskit. A zamaninmu sukari kuɗi ne: da shi ake biyan bashi, da shi ake neman sassaucin babban ɗalibi, kuma wanda nasa ya kai mako na goma shi ne attajirin ɗaki. Bayan karatun dare, kafin a kashe fitila, sai ka ji kwanuka suna ƙara, ana jiƙa kwaki ana zuba sukari ba awo. A sha, a lashe cokali, a hau gado. Ban tuna ko mutum ɗaya da na gani da buroshi da dare ba. Goge baki aikin safe ne, shi ma idan famfo ya kawo ruwa. Ranar Asabar kuma malamai na zagaya ɗakuna suna duba farce da aski da shimfiɗar gado da farin takalmi, amma cikin shekara shida ba wanda ya taɓa cewa ɗayanmu ya buɗe bakinsa. A bakin ƙofa kuwa ga masu tallar gullisuwa da tuwon madara da hanjin ligidi, alawoyin da suke manne wa haƙori kamar an liƙa su da ƙaro.

Kafin mu ɗora wa sukari laifi, ya kamata mu san yadda yake yin ɓarnar, domin a nan ne yawancinmu, har da masu digiri, muke da gurguwar fahimta. Mun taso muna jin ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori, kuma har gobe akwai masu turara hayaƙi a baki su nuna wa mutum “tsutsotsin” da suka faɗo cikin ruwa. Ba mu kaɗai ba ne: mutanen Babila sun rubuta labarin tsutsar haƙori a allunan yumɓu dubban shekaru da suka wuce, kuma a Turai sai da likitan Faransa Pierre Fauchard, mai littafin 1728 kan aikin haƙori, da waɗanda suka biyo bayansa suka yi ta fama kafin a daina yarda da ita. A 1890 ne Willoughby Miller, Ba’amurke da ke aiki a Jamus, ya bayyana abin da ya kusanci gaskiya. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin wata kanta mai yauƙi a jikin haƙori. Idan sukari ya shigo sai su ci, su fitar da asid, asid ɗin kuma ya narkar da ɓawon haƙori. Wato dai magabata ba su yi nisa da gaskiya ba da suka ce wani abu mai rai ne ke ɓarnar. Girmansa kawai suka ƙara.

A farkon shekarun 1940 wani likita mai suna Robert Stephan ya auna abin da ke faruwa a cikin kantar nan bayan an kurkure baki da ruwan sukari. Cikin ’yan mintuna tsamin wurin yana ƙaruwa har ma’aunin da masana ke kira pH ya faɗi ƙasa da kimanin 5.5, inda ɓawon haƙori ke fara narkewa. Daga nan miyau ya shiga aiki, yana wanke asid yana mayar da sinadaran da suka fita, amma yana buƙatar rabin awa zuwa awa guda kafin abubuwa su koma daidai. Sai mai karatu ya yi lissafin da kansa. Ɗalibin da ya cinye alawa goma a zama ɗaya ya jefa haƙoransa cikin asid sau ɗaya. Wanda ya sa su a aljihu yana jefa ɗaya a baki bayan kowane darasi ya yi haka sau goma, miyau bai samu sukunin gyara komai ba. Na biyun, wanda muke yabo da cewa yana da tattali, shi ne ya fi cutar da kansa.

An tabbatar da wannan ta wata hanya mai muni. Daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon shekarun 1950, a asibitin Vipeholm da ke birnin Lund na ƙasar Suwidin, an riƙa ba masu lalurar ƙwaƙwalwa fiye da 400 sukari ta hanyoyi daban-daban, ba tare da yardarsu ba. Waɗanda aka ƙara wa sukari a lokacin cin abinci ba su samu ƙarin kogo sosai ba. Waɗanda aka ba alawa mai danƙo tsakanin abinci da abinci, wasunsu har guda 24 a rana, haƙoransu sun lalace ƙwarai. Yau babu kwamitin ɗa’a da zai amince da irin wannan gwaji, amma abin da ya nuna a 1954 bai canza ba: yawan maimaitawa da danƙon abin zaƙi su ne kan gaba wajen ɓarna. A ƙara da cewa miyau yana raguwa sosai idan mutum ya yi barci. Kwakin dare da na ambata, ashe, shi ne mafi munin lokacin da za a zaɓa a cikin awa 24.

Wannan ba ya nufin yawan sukarin ba shi da muhimmanci. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, kimanin giram 50 ga baligi, kuma zai fi kyau ya sauko zuwa rabin haka, wajen ƙaramin cokali shida. Lemon kwalba da yawa na ɗauke da kusan giram 10 a kowane mililita 100, don haka roba ɗaya ta rabin lita ta cinye kason yini guda. Dokar kuɗi ta Najeriya ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan lemo, kuɗin da ko ɗan aji ɗaya ba zai ji a aljihunsa ba. Zoɓo da kunun aya da shayin mai shayi kuwa babu mai ƙirga cokulan da ake zuba musu, mun yafe musu saboda na gida ne.

Idan aka kwatanta da ƙasashe da yawa, binciken da ake yi a makarantun Najeriya yakan nuna cewa yaranmu ba su da yawan kogon haƙori. Wannan labari ne mai daɗi, amma yana da wutsiya: kusan duk kogon da ake samu ba a taɓa yi masa magani ba. A wasu ƙasashe yaro na da haƙora biyu ko uku da suka taɓu, amma an cike su. A nan yana da ɗaya, an bar shi ga Allah. Kogo kuma ba ya warkewa da kansa. Yana farawa da ɗan farin tabo mara ciwo, wanda a wannan matakin har ana iya mayar da shi. Sai ya huda ɓawo ya shiga ciki, mutum ya fara jin tsami idan ya sha ruwan sanyi. Sai ya kai ga jijiya, a nan ne ɗalibi ke kwana zaune riƙe da kumatu. Daga nan sai ciwon ya ɗauke, kowa ya yi hamdala, alhali jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cuta kuma sun gangara cikin ƙashi. Bayan watanni fuska ta kumbura. A wasu lokuta, musamman daga turaman ƙasa, kumburin yakan bi ƙarƙashin harshe ya matse maƙogwaro, kuma ana mutuwa daga wannan. Mu da muke da asibitin cutar noma a Sakkwato tun 1999, cutar da ke cin fuskar ƙananan yara masu fama da tamowa kuma take farawa daga dasashi, bai kamata a ce sai an tuna mana cewa ciwon baki na iya kisa ba.

Tsakanin farin tabo da kumburi akwai watanni, sau da yawa shekaru, kuma a cikinsu ɗalibi yana yawo tsakanin ɗakin shan magani na makaranta da kemis. A ba shi farasitamol. A ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana biyu, kumburi ya sassauta, ya dawo bayan wata uku, domin ƙwaya ba ta kai wa ga cikin mataccen haƙori. Abokai su ce ya danna asfirin a kogon, asfirin ya ƙona dasashi. Na san wanda aka ɗiga wa ruwan batir. Kanumfari ne kaɗai cikin magungunan ɗaki ke da hujja, don man da ke cikinsa yana kashe zafi na ɗan lokaci, har likitocin haƙori na amfani da shi, sai dai ba ya toshe rami. Na ga ɗalibi ya shiga ɗakin jarrabawar WAEC da kumatu kamar an hura, bayan kwana uku bai runtsa ba. A takardar sakamakonsa babu gurbin da za a rubuta wannan.

Akwai kuma dasashi, wanda ya fi kogo yawa a tsakanin matasa. Sauye-sauyen balaga na sa dasashi ya riƙa saurin kumbura idan kanta ta taru a gindin haƙori. Yarinya ta goga ta ga jini, ta tsorata, ta daina taɓa wurin, kanta ta ƙara taruwa har ta daskare ta yi tauri yadda buroshi ba zai iya cire ta ba. Abin da ya kamata a gaya mata, kuma ba wanda ke gaya mata, shi ne jinin alamar wurin na buƙatar ƙarin gogewa ne a hankali, kuma yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu yakan tsaya. Daga dasashi da bayan harshe ne mafi yawan warin baki ke tasowa, ba daga ciki ba kamar yadda ake yawan faɗa. A ganina wannan shi ne ɓangaren da manya suka fi raina wa muhimmanci. Ɗan shekara 14 zai iya jure ciwo, amma ba zai jure laƙabi ba. Yaron da aka taɓa toshe wa hanci a gaban aji yakan daina ɗaga hannu, ya koma kujerar baya, ya riƙa magana da tafin hannu a baki, malami kuma ya rubuta cewa ba ya ƙoƙari.

Tambayar da ake yawan yi ita ce ko asuwaki ya wadatar. Ina cikin masu jin haushi idan aka yi magana a kansa kamar wani abin ƙauye da wayewa za ta kawar. Sunna ce, kuma itacen asuwaki ko na darbejiya ko marke, a hannun wanda ya iya, yana cire kanta sosai. Matsalarsa biyu ce. Yana da wuya a kai shi bayan haƙora da ƙuryar turame, inda ɓarnar ’yan sakandare take, kuma yawancin matasa taunarsa kawai suke yi suna yawo. Ta biyu, ba ya ba haƙori fuloraid gwargwadon abin da man goge baki ke bayarwa, kuma fuloraid shi ne ainihin maganin da ke cikin makilin. Kumfa da ƙamshi ado ne. Abin da za a duba a jikin kwali shi ne adadi tsakanin 1,000 da 1,500 ppm. A goga sau biyu a rana, minti biyu, ɗaya lallai kafin barci, sannan a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa, domin kurkurewa wanke maganin ne. Wannan na ƙarshe yana yi wa mutanenmu wuya, mun saba da kurkurar baki a alwala. Babu saɓani: a yi asuwaki da rana yadda aka saba, buroshi ya zama abu na ƙarshe bayan Isha’i da abincin dare.

Amma fuloraid yana da fuska biyu, kuma ta mummunar fuskar aka fara saninsa. Frederick McKay ya isa garin Colorado Springs na Amurka a 1901 ya tarar da mutane da haƙora masu tabon ƙasa-ƙasa, waɗanda kuma ba sa saurin ruɓewa. Sai a 1931 aka gano fuloraid ɗin ruwan shansu ne ya yi yawa, a 1945 kuma birnin Grand Rapids ya fara zuba ɗan kaɗan a ruwan famfo da gangan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita. A wasu yankunanmu ruwan ƙarƙashin ƙasa ya zarce haka: an san matsalar a Kaltungo ta jihar Gombe da Langtang ta jihar Filato, kuma a Tibiri kusa da Maraɗi ruwan rijiyar burtsatse ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a farga wajen shekarar 2000. Ɗalibin da ya taso a irin waɗannan wurare yana zuwa makaranta da haƙora masu tabo, a yi ta yi masa gorin ƙazanta, shi kuma ya dage da gawayi da toka da lemun tsami yana kankarewa. Tabon a cikin ɓawon yake tun haƙorin na ƙarƙashin dasashi, don haka abin da yake kankarewa shi ne ɓawon kansa, wanda ba ya sake tsirowa. Haka ma ’yan matan da ke koyon haɗin faranta haƙori daga TikTok.

Wani abu guda da nake so kowane malamin wasanni da kowace uwar ɗakin kwana su sani: idan haƙorin dindindin ya fita ɗungurungum a filin ƙwallo ko wurin faɗa, ana iya ceto shi. A ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, a ɗauraye shi kaɗan idan ya yi ƙasa, a mayar da shi raminsa, yaron ya ciji tsabtataccen ƙyalle. Idan hakan ya gagara, a saka shi cikin madara, kada a bar shi ya bushe ko a jiƙa shi a ruwa, a garzaya wurin likita cikin awa guda. Giɓin da mutum zai ɗauka shekara 50 sau da yawa a cikin wannan awar ake yanke shi.

To, ina likitan? Makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a Najeriya an buɗe ta a Legas a 1966, kuma shekaru da dama duk irin waɗannan makarantu a Kudu suke kafin Jami’ar Maiduguri da Jami’ar Bayero su buɗe nasu. Likitocin haƙori ’yan dubbai ne ga mutane fiye da miliyan 200, yawancinsu a manyan birane, wasu kuma sun tafi ƙasashen waje. Muna da manufar lafiyar makarantu ta ƙasa tun 2006 da ta lafiyar baki tun 2012, ranar 20 ga Maris kuma ana bikin ranar lafiyar baki ta duniya, a raba buroshi a ɗauki hoto. Ba na raina lacca, sai dai ɗalibi ya daɗe da sanin cewa alawa na ɓata haƙori. Abin da ba shi da shi shi ne ruwa kusa da ɗakin kwana, da makilin da zai kai ƙarshen zango, da lokacin da aka ware.

Kuma ba kowane aiki ne ke jiran kujerar likita mai lantarki ba. A tsakiyar shekarun 1980, a Tanzaniya, likitan Holan Jo Frencken ya ƙirƙiro hanyar kwashe ruɓaɓɓen wuri da kayan hannu kawai a cike da wani siminti mai sakin fuloraid, ba injin haƙa, sau da yawa ba allura. Ma’aikacin lafiyar haƙori da aka horar zai iya yin wannan a kan tebur a cikin aji, kuma da simintin nan ana toshe tsagun sababbin turame tun kafin su ruɓe. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi, tare da man goge baki mai fuloraid, cikin jerin muhimman magunguna. A makarantun firamare na gwamnati a ƙasar Filifin kuwa an mayar da goge baki cikin rukuni wani ɓangare na jadawalin yini, kamar taron safe.

Makarantar kwana ta fi kowace irin makaranta dacewa da wannan, domin komai a cikinta ƙararrawa ce ke tafiyar da shi: tashi, salla, abinci, karatu, barci. Ƙara ƙararrawa ɗaya minti goma kafin kashe fitila ba ya buƙatar kasafin ma’aikatar ilimi, sai shugaban makaranta da ya yarda da shugabannin ɗakuna da za su tsaya. Sauran abubuwan kuma ba su fi ƙarfin ƙungiyoyinmu na tsofaffin ɗalibai ba, waɗanda muke tara miliyoyi a WhatsApp don gina ƙofar shiga mai ɗauke da sunan ajinmu. Kuɗin ƙofa ɗaya zai kafa tanki da jerin famfuna a bayan ɗakunan kwana, ya biya gwajin fuloraid na rijiyar makaranta, ya sayi makilin na shekara, ya kuma ɗauko ma’aikacin haƙori daga babban asibiti mafi kusa ya duba bakin kowane ɗan aji ɗaya a zangon farko, lokacin da turame na biyu ba su daɗe da fitowa ba.